Martani: Ba Ƙura Ke Kashe Fentin Mota Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa ya rubuta kwanakin baya kan kula da fentin sabuwar mota, na kuma ji yadda masu motoci ke ta maganarta a nan gabashin Sakkwato. Malam, Allah ya saka da alheri, ka taɓo abin da mutane da yawa ke ɗauka wasa ne. Na yarda da kai fenti dukiya ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Inda muka rabu shi ne maganin da ka bayar. Ka ce mai sabuwar mota kada ya bari ƙura ta kwana a jikinta: ya ajiye tsumma ya riƙa gogewa safe da yamma, a wanke ta kullum, a yi mata folish da inji duk wata, in da hali a kai ta Abuja ko Kano a yi mata shafin siramik, daga nan hankalinsa ya kwanta. Ka ƙara da cewa motocin da ke fitowa daga Wurno da Rabah da Goronyo buɗu-buɗu da ƙura shaida ce ta sakaci da rashin tsafta. Wanda duk ya bi wannan shawara a ƙasarmu, da hannunsa zai kashe fentin da yake son rayawa. Garin neman gira zai rasa ido.

Mu duba abin da ke jikin motar tukuna, don saɓaninmu daga nan ya taso. A masana'anta ana tsoma gangar jikin mota gaba ɗaya cikin ruwan maganin tsatsa, a bi da shafin share fage, a fesa launi, sannan a rufe da wani shafi garai-garai marar launi. In aka haɗa su duka, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafin saman nan shi kaɗai bai cika wuce maikiron 50 ba, silin gashin kai ma yakan fi shi kauri. Ƙyallin da ke ɗaukar ido a jikinsa yake, sinadarin da ke hana hasken rana cinye launi ma a cikinsa yake. Ana gasa shi a zafi na wajen digiri 140 tun motar tana kwarangwal, ba inji, ba kujeru, ba wayoyi, ba roba. Da zarar an harhaɗa ta, wannan dama ta wuce. Mai fenti komai gwanintarsa, a Sakkwato yake ko a Kano, ba zai sa mota mai kujeru da wayoyi cikin irin wannan wuta ba. Shi ya sa dillali in ya zagaya mota, tambayarsa ta farko ita ce, "Fas bodi ce?" Yana yi yana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, yana sauraren inda aka cusa fila. Motar da ke da fentinta na asali kuɗinta daban. Wadda aka sake wa fenti kuwa, ko aikin ya yi kyau, sai mai saye ya yi zargin hatsari ta yi. Ɗan siririn shafin nan in ya tafi ba ya dawowa, ba a kuma sayar da irinsa a kasuwa.

To, ga ƙurar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso hazo daga Sahara, da yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta sauke mana. Ta gauraya da tamu ta gida, yashin gonaki da jar ƙasar da manyan motoci ke tayarwa a gefen hanyar Achida zuwa Goronyo da hanyoyin ƙauyukan Gandi. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. Duk direban da ya taɓa kunna waifa a busasshen gilashi ya ga zanen da ta bar masa, abin da ya zana gilashi kuwa ina ga fenti? Amma ƙwayar nan muddin tana kwance a kan bonet ba abin da take yi. Sai hannu ya danne ta ya ja ta, sannan take yanka. Da yashi mata ke goge bayan tukunya in ta yi baƙi, don sun san yana ci. Aikin da mai busasshen tsumma ke yi wa motarsa ke nan, safe da yamma, bisa shawararka.

Ka tsaya a tashar Achida ranar kasuwa ka kalla. Baƙar mota ta tsaya, mai ita ya shiga sayayya. Yaro ya taho da tsohon tawul a kafaɗa, wanda yake ta goge motoci da shi tun safe, ya faɗi ƙasa an ɗauka an kakkaɓe. Ya fara da gilashi, ya sauko ƙofa, ya goge bakin taya inda tsakuwa ta maƙale, ya dawo da tawul ɗin nan kan bonet yana murzawa iya ƙarfinsa don Alhaji ya ji daɗi. Daga nesa mota ta yi fes. Matso kusa, ka sunkuya daidai inda rana ta faɗo a kan bonet ɗin, za ka ga siraran zane zagaye-zagaye sun kewaye hasken, ba sa ƙirguwa, kowanne sawun ƙwayar yashi ne. Su ne ke mayar da baƙar mota toka-toka, mai ita yana ta zargin kamfani. Ban ga laifin yaron ba. Abincinsa yake nema, kuma a kan wannan murzar ake yaba masa. Nauyin yana wuyan mu da muka sani, musamman wanda ya ɗauki alƙalami ya ce a yi haka.

Za ka ce ai shi ya sa ka kawo folish, don ya share zanen. Akwai man da ke ɓoye zane na 'yan kwanaki, amma folish na inji ba cikewa yake ba, Malam. Kankare fentin da ke kewaye da zanen yake yi har ya yi daidai da zurfinsa, sai ido ya daina gani. Duk lokacin da aka yi, 'yan maikiron sun tafi, a hannun wanda bai ƙware ba kuwa abin ya fi haka, musamman a kusurwoyi da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta. Lissafa da kanka: shafin da bai wuce 50 ba, a riƙa rage shi duk wata. Na san inda wannan shawara ta samo asali, kuma a zamaninta gaskiya ce. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, har 504 ta cika hanyoyinmu, yawancin fentin wancan zamani shafi ɗaya ne, launi da ƙyalli a haɗe. In rana ta sa ya koɗe sai a murza, mataccen launin ya fito a jikin tsumma, sabo ya bayyana daga ƙasa. Iyayenmu direbobi sun yi haka sun ga amfaninsa. Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma fenti mai shafin sama, abin ya canza, al'adar murza kuwa ta zauna. A motar yau in ka ga launi a jikin tsummanka, to ka riga ka huda shafin sama, sai dai mai fenti. Folish na inji magani ne na ranar da cuta ta kama, sau ɗaya cikin shekaru, a hannun gwani. Sabuwar mota ba ta buƙatarsa.

Sai wankin kullum. Wanki mai kyau ruwa yake ci, don sharaɗinsa na farko shi ne a kwarara ruwa ya tafi da yashin kafin hannu ya taɓa jikin mota. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, in ka ɗora masa wankin kullum ba jarka zai ƙara ba, ruwan wankin zai rage. Sai a koma bokiti ɗaya, soso ɗaya, a tsoma a goga a mayar, ruwan ya yi jawur tun ba a gama gefe guda ba. A zuba omo don a ga kumfa, shi kuwa an yi shi ne don cire maiƙo daga tufafi, sai ya tafi da kakin da ke kare fentin, ya busar da robobin gilashi. Wasu har kalanzir ko man gas suke ɗigawa a ruwan don mota ta yi sheƙi, sheƙin da ƙura ke mannewa a kai tun kafin a fita gari. A yi duk wannan da tsakar rana a kan ƙarfe mai zafi, ruwan rijiya ko na burtsatse ya bushe nan take, ya bar fararen ɗigo-ɗigo na gishirin ƙasa, waɗanda in rana ta gasa su sukan ci cikin fenti. Irin wannan wanki sau bakwai a mako ɓarna bakwai ce. Guda ɗaya mai kyau ya fi su duka.

Kada a ce ai ga gulbi. Gaskiya ne Rima na kusa, ga madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ga ta Lugu da aka yi don fadamar Wurno. Amma ruwan nan da masu shi: manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa, masunta, makiyaya, da mutanen birnin Sakkwato da famfonsu ya dogara da shi. A 2018 kowa ya ga yadda ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har hankalin hukuma ya tashi. Raina na ɓaci in na ga an tura mota har cikin ruwa a mashaya ana wanke ta, kumfa da baƙin mai suna gangarawa inda shanu ke sha, yara ke wanka. Ga shi ruwan gulbi da yashinsa yake tafe. In ba a ɗebo an bar shi ya kwanta ba, motar ma ba ta tsira ba.

Siramik kuwa ba ni da faɗa da shi, faɗana da alkawarin da ka ɗora masa ne. Shafi ne na gaske, amma kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Yana sa ruwa ya zame, datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi. Ba ya tare tsakuwar da tirela ta harbo, ba ya hana ƙayar bagaruwa zana ƙofa a hanyar ƙauye, busasshen tsumma kuma zana shi yake. Ruwa mai gishiri ma yakan bar masa tabo. Mutum ya biya maƙudan kuɗi, an ce masa ya huta, ya dawo gida ya miƙa wa yaro tsumma da ƙarfin gwiwa, an yi ba a yi ba ke nan. Wanda ke da kuɗin kashewa kuma yake bin hanyar tsakuwa, ledar kariya da ake mannawa a bamba da goshin bonet ta fi yi masa amfani, don ita tana da kaurin tare dutse, sai dai a nemi mai kyau, marar kyau rana kan mayar da ita rawaya. Wanda ba shi da wannan hali, kakin mota na gwangwani da zai shafa da hannunsa a inuwa duk bayan wata biyu ko uku ya ishe shi. A kuma tuna halin da ake ciki. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, aka cire tallafin mai a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, mota ta zama sai wane da wane. Abin da yawancinmu ke kira sabuwa, 'yar Kwatano ce ko Beljiyam da ta sha shekaru a Turai ko Amurka, sau da yawa kuma an yi mata folish kafin a jera ta wurin dillali. Shafinta na sama ya riga ya ragu tun ba ta zo hannunmu ba, kafin a shafa siramik kuma yawanci sai an sake bi ta kanta da inji.

Abin da ya fi ba ni mamaki, maƙalarka ba ta ce uffan kan rana ba, alhali ita ce babbar mai kashe fenti a ƙasar Sakkwato. A Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, rufin baƙar mota da ke tsaye a fili kuwa yakan kai 70. Duba tsofaffin motocin haya a tashar Goronyo ko ta Rabah. Ƙofofinsu da sauran ƙyalli, amma rufi da bonet da saman but sun yi fari-fari, shafin sama yana ɓarewa. Ƙura ko'ina take sauka a jikin mota, ɓarnar kuwa a wuraren da ke kallon sama take. Rumfar kwano ko ta zana mai ƙafa huɗu a ƙofar gida, wadda kuɗinta bai kai na siramik ba, ta fi duk abin da ka lissafa tsawaita ran fenti, ta kuma ceci dashbod da kujeru. Mai niyyar saye ya yi tunanin launi tun bai biya ba. Ba banza fara da silba suka yi yawa a hanyoyinmu ba: ba sa ɗaukar zafi irin na baƙa, ƙura da zane ba sa nunawa sosai a jikinsu, hannun mai su ba ya yawan kai wa ga tsumma.

Inuwar itace ma inuwa ce, amma da sharaɗi. Ƙarƙashin dogon yaro akwai 'ya'yansa da ke faɗowa su fashe, akwai kashin tsuntsaye, inda balbela ko jemage ke kwana kuwa ba a magana. A nan kaɗai nake goyon bayan gaggawa. Kashin tsuntsu yana ci, a zafin bazara yini ɗaya ya isa ya bar tambari a fenti. Shi ba a jira masa ranar wanki: a jiƙa tsumma mai laushi a ɗora a kai har ya jiƙu, a ɗauke, kada a murza. Haka fetur ɗin da ya zubo a bakin tanki lokacin da ake ɗurawa daga galan, balle man birki da ke cin fenti kai tsaye. Rigar mota da ka yaba, in aka rufa ta a kan mota mai ƙura, iskar hunturu ta yini tana kaɗa ta, aikin tsumma take yi. Sai ledar da masana'anta ke mannawa a bonet da rufi saboda hanya, wadda wasu ke bari wata da watanni don a san motar sabuwa ce dal. Rana na gasa gam ɗinta ya kama fenti, ranar cirewa a yi da-na-sani.

Akwai wankin da ba ka ambata ba, shi ne kuwa na dole a wurinmu. Da damina motar da ta shiga fadama takan fito da laka cunkushe a ƙarƙashinta da lungun taya. Lakar nan na riƙe danshi kwana da kwanaki, a nan tsatsa ke farawa, ta ci daga ciki, sai dai a ga fenti ya kumbura a gindin ƙofa. Takin zamani da ya zube a but ko a bayan a-kori-kura, in ya sami danshi, shi ma cin ƙarfe yake. In ruwa kaɗan ne, gara a kashe shi a waɗannan wurare a bar bonet da ƙurarsa.

Maganar sakaci da rashin tsafta ita ta fi yi mini ciwo, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Motar da ta taso daga Rabah ko Goronyo da hunturu, ko da asuba aka wanke ta, kafin ta shiga Sakkwato ta yi buɗu-buɗu. Hanya ce ta shafa mata. Na san direbobi a wannan layi da ba sa bari kowa ya taɓa musu mota da tsumma, suna haƙuri da ƙurar har ranar da suka sami isasshen ruwa, kuma motocinsu ne ke tsufa da fentinsu. Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1837, da Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ba garuruwan da za a auna tsaftarsu da kallon bonet ba ne. Akwai kuma abin da mazaunin birni ba lallai ya kawo a ransa ba. Yankin nan ya sha wuyar 'yan bindiga. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 har yau bai fita daga zukatan mutane ba. Mai ɗan hali a nan ba ya son motarsa ta riƙa walƙiya tana sanar da zuwansa tun daga nesa. In ka ga ya bar ta da ƙurarta, wani lokaci hankali ne ya sa.

In ka sake rubutu, Malam, ina roƙon ka gaya wa masu karatunka yadda ake wankin da kansa. A yi shi da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ƙarfe ya huce. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa ba tare da an taɓa ba. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tawul, don kada yashin da aka ɗebo ya koma jikin mota. Tawul mai laushi na sama daban, na taya da gindin ƙofa daban, wanda ya faɗi ƙasa kuma a ajiye shi sai an wanke. A tsane ruwan kafin ya bushe da kansa. Wannan wanki ya fi cin lokaci da ruwa, yaran da ke yi mana shi kuwa da yawan motocin da suka wanke suke samun na abinci, shi ya sa suke sauri. Mai motar da ke son fentinsa ya daɗe sai ya saya wa mai wankinsa bokiti na biyu da tawul da sabulun, ya tsaya ya nuna masa, ya kuma ƙara masa kuɗi a kan abin da aka saba, tunda in sau ɗaya ake wankin maimakon bakwai, kuɗin wanki shida ya rage masa a aljihu duk mako.